Hamada Ba Ta Da Ƙafa: Martani Ga Mai Cewa Sahara Na Tafe

Na karanta maƙalar wani Malam a kan kwararowar hamada har sau biyu, domin mutum ne da nake ganin girman alƙalaminsa, kuma na san kishin ƙasa ne ya sa shi ɗaukar biro. Jigon maganarsa shi ne Sahara ta ɗauro niyya tana tahowa kudu, tana cinye mita 600 na ƙasar Najeriya duk shekara. Wai yawan haihuwa da gatarin manomi da kofaton shanun makiyayi ne suka buɗe mata ƙofa. Kuma wai mafita ita ce a tare ta da ganuwar itatuwa, a ƙara wa masu tsaron daji ƙarfin kama mutane. Allah gafarta Malam, ciwon da ka gani na gaske ne, amma sunan da ka sa masa ba shi ba ne, maganin da ka rubuta kuwa an sha gwada shi tun kafin a haife mu.

In fara da mita 600 ɗin nan. Duk wanda ya taɓa zama a taron dashen itace ya ji wannan adadi, daga bakin kwamishina, daga bakin ɗan jarida, har a jarabawar ɗalibai. Ina roƙon Malam ya gaya mana a ina aka kafa turken da ake awon. Daga wane gari zuwa wane gari? Domin tsakanin iyakar Najeriya da ainihin Sahara akwai ƙasa mai faɗi, akwai Maraɗi da Damagaram da Tanut, cike da gonakin gero da mutane da kasuwanni. In Sahara ce ke shigowa Katsina da Jigawa, to ta ina ta bi? Tsallake Nijar ta yi?

Wannan magana tana da kakanni, kuma ya kamata mai karatu ya san su. A shekarar 1934 wani Baturen Ingila mai suna E. P. Stebbing, malamin ilimin gandun daji a jami'ar Edinbara wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Da rani ya zo. Ya ga ƙasa fari fat, ya ga ciyawa ta bushe, ya ga ƙura ta rufe sama, sai ya koma gida ya buga maƙala a 1935 yana kururuwar Sahara na mamaye Afirka ta Yamma da gudun kusan kilomita ɗaya a shekara. Har ya yi hasashen rairayi zai iso Kano cikin shekara hamsin ko ƙasa da haka, ya ɗora laifin a kan noman gargajiya da kiwo, ya kawo shawarar a shimfiɗa ɗamarar daji daga yamma zuwa gabas. Malam zai ga maƙalarsa ta yi kama da wannan kamar an tsaga kara. Gwamnatocin mulkin mallaka biyu, na Ingila da na Faransa, suka tsorata, suka haɗa kwamitin masana da ya zagaya bakin iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin ya dawo ya ce bai ga wata hamada mai tafiya ba. Ya ga wuraren da aka lalata ƙasa nan da can, amma babu wani bakin rairayi da ke gurgusowa. Shekara hamsin ɗin Stebbing ta cika tuni, an kusa ninka ta, Kano kuwa ambaliya ce ta fi damun ta a watan Agusta.

Labarin ya yi barci cikin shekarun 1950, lokacin da damina ta yi albarka, gyaɗa ta yi dala a Kano, manoma suka yi ta tura gonaki arewa zuwa ƙasar makiyaya. Farin 1972 zuwa 1974 ne ya tashe shi. A 1975 wani masani mai suna Hugh Lamprey ya yi shawagi cikin ƙaramin jirgin sama a kan arewacin Sudan, ya kwatanta abin da idonsa ya gani da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya yanke cewa hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kilomita 5.5 a shekara. Ka lura da abin da ya auna: taswirar da aka zana a shekarun ruwa, da ƙasar da ta fito daga fari mai tsanani. Kamar ka ga mutum ranar angwancinsa, ka sake ganin sa a gadon asibiti, ka raba ramar da shekaru ka ce ga yawan naman da yake zubarwa kowane wata. Amma adadin ya yi daɗin faɗi, ya shiga bakin manya, taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Nairobi a 1977 ya ƙara wa zancen fukafukai. Da Ulf Helldén na jami'ar Lund ta Suwidin ya koma yankin Kordofan a shekarun 1980 da hotunan sama na da da na lokacin, bai sami wannan tafiya ba. Gyaran bai yi suna kamar kuskuren ba.

Abin da maƙalar Malam ta tsallake shi ne tambayar farko da ilimin labarin ƙasa yake yi: me ya sa hamada take inda take? Ɗauki taswirar duniya ka duba. Sahara, hamadar Larabawa, Tar ta Indiya da Pakistan, duk suna jere a ɗamara guda a arewa. Kalahari da Namib da Atakama da tsakiyar Ostareliya suna jere a ɗamara guda a kudu. Ba haɗuwar gatura ba ce ta jera su haka. Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, iskar wurin takan yi zafi ta tashi sama da danshinta, ta huce, ta juye ruwanta a kan kurmin Kwango da Amazon da Indunisiya. Bayan ta sauke kayanta sai ta bazu arewa da kudu a can sama, ta sauko ƙasa wajen digiri 20 zuwa 30 daga tsakiyar duniya, busasshiya ƙamas, iska mai saukowa kuwa ba ta haɗa hadari. Wannan kewayawar ana kiran ta da sunan George Hadley, wanda ya fara bayanin ta a 1735. Wasu hamadun suna da ƙarin dalili: ruwan teku mai sanyi da ke bin gaɓa yana ƙara busar da Namib da Atakama, duwatsun Himalaya da tudun Tibet suna tare wa Taklamakan da Gobi danshin kudu. A cikin waɗannan dalilai babu mai sassabe ko ɗaya.

Daminarmu ma daga wannan lissafi ta fito. Iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, busasshiyar iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, inda suka yi karo nan ne bakin damina. Wannan baki yana hawa arewa da bazara, ya kai ƙurewarsa a Agusta, ya juyo. (Abin mamaki, danshin daga yamma yake zuwa, hadarin kuwa daga gabas muke ganin sa, shi ya sa magina ke ƙarfafa bangon gabas.) Shekarar da bakin ya haura sosai, ciyawa ta fito har bayan Tanut. Shekarar da ya gaza, sai ka rantse Sahara ta sauko. Iyakar hamada iyakar ruwan sama ce, tana numfashi ne, shiga da fita.

An ma auna numfashin. Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na 1980 zuwa 1990, suka buga sakamakon a 1991. Daga 1980 zuwa 1984, shekarar farin da mutanen Nijar suka sa wa suna El Buhari, iyakar kudancin Sahara ta sauko kimanin kilomita 240. Daga 1984 zuwa 1985, cikin damina ɗaya tak, ta koma arewa kimanin kilomita 110. Abin da ke kai da komo na kilomita ɗari a shekara guda, yaya za a ce an kama shi yana rarrafen mita 600?

Kada a ce na ɓoye abin da ke goyon bayan Malam. A 2018 masana biyu na jami'ar Maryland ta Amurka, Natalie Thomas da Sumant Nigam, sun lissafa cewa faɗin Sahara ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 tun daga 1920. Amma da ma'aunin ruwan sama suka yi awon, kuma sauyin yanayi da juyin zafin teku suka danganta abin da su. Ko wannan binciken bai kai ƙarar manomin Ɓaɓura ba.

In muka ja da baya sosai, abin ya fi haka ban mamaki. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce hamada ta sauko ɗaruruwan kilomita kudu da inda take yau, iska ta jera tuddan rairayi a ƙasar Kano da Haɗeja. Masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi rubutu a kansu a 1958. Jigayin nan da muke shuka gero da gyaɗa a kansu, waɗanda jihar Jigawa ta ci sunansu, tsohuwar hamada ce da ta kwanta ta yi barci. Daga baya kuma al'amari ya juye. Tsakanin kimanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Sahara kanta ta yi kore shar, da tafkuna da dorina da kada. Tafkin Cadi na wancan zamani ya haura murabba'in kilomita 300,000. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen lokacin sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, suna nan har gobe. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai kimanin shekara 8,000. Abin da ya kunna wannan ya kashe shi kuwa shi ne ɗan layin da duniya ke yi a kewayenta da rana, wanda ke sauya ƙarfin hasken bazara a arewacin duniya duk bayan shekara 20,000 da ɗoriya, lissafin da Milutin Milankovitch ɗan Sabiya ya yi suna da shi. Tuddan rairayin da Malam ya kawo hotonsu daga Yusufari, da irinsu na Gure da Maine Sorowa, 'ya'yan wancan tsohon zamani ne. A wurin suke tun fil azal. Fari da tsananin kiwo da sara sukan yaye musu bargon ciyawa su farka, su binne dabino da gidaje, kuma wannan masifa ce ta gaske ga mutanen wurin. Sai dai daga ƙarƙashin ƙafarsu ta taso, maganinta ma a wurin yake: a kafe tudun da shingen kara da kaba, a hana dabba hawa har ciyawa ta kama.

To me ya kawo farin shekarun 1970 da 1980? Nan ma an taɓa ɗora wa talaka. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo nazariyyar cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa takan yi fari, farar ƙasa takan mayar da hasken rana sama, iska ta ƙi tashi, ruwa ya ragu. Magana ce mai ma'ana a takarda, kuma tana da ɗan tasiri. Amma a 1986 Chris Folland da abokansa a Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin bambancin zafin teku tsakanin arewacin duniya da kudancinta. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba kwamfuta tarihin zafin tekuna kawai, ba tare da sun gaya mata an sare ko da sabara ɗaya ba, ta fito musu da shekarun ruwa na 1950 da shekarun farin da suka biyo baya. Wasu binciken sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atlantika a wancan lokaci, abin da ya ja bakin damina kudu. Ka ji inda jakin yake, mu kuwa shekara da shekaru muna ta dukan taiki. Kuma kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, lokacin da jama'ar ƙasar nan ba su kai rubu'in na yau ba.

Wannan ya kawo mu ga batun haihuwa, inda Malam ya fi zafafawa. Ra'ayinsa na Thomas Malthus ne, limamin Ingila da ya rubuta a 1798 cewa mutane sun fi abinci saurin ƙaruwa, ƙarshenta yunwa ce za ta daidaita lissafi. A 1965 wata masaniyar tattalin arziki 'yar Denmak, Ester Boserup, ta juya maganar: in mutane suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, sai su sauya yadda suke noma, su zuba wa kowace taƙi ƙarin aiki da dabara. Ba sai mun je nesa neman alƙali tsakaninsu ba. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a duk busasshiyar Afirka, an daina barin saura a can tun zamanin da ba wanda ya tuna, ana noma gona ɗaya kowace shekara. In Malthus ne mai gaskiya, da nan ne farkon wurin da zai zama fako. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin gonakin nan da na ƙauyen Dagaceri, abin da ya tarar kuwa gonaki ne cike da itatuwa masu iyayengiji. Kowace kuka da ɗorawa da tsamiya akwai mai ita. Ana ɗaure tumaki da awaki a gida da damina, a tara takinsu, a kai gona da rani. Jakuna suna fita da itace zuwa birni, su komo da toka da shara a mangala. Harawar wake da ta gyaɗa ba ta faɗuwa ƙasa banza. Shi Mortimore ɗin, tare da Mary Tiffen da Francis Gichuki, ya sake ganin irin haka a Macakos ta Kenya, inda jama'a suka ninka kusan sau biyar tsakanin 1930 da 1990, zaizayar ƙasa kuwa ta ragu saboda matakalar da manoma suka yi wa tsaunuka.

Ban ce yawan jama'a alheri ne a ko'ina ba. Inda babu kasuwa kusa, inda mutum bai tabbata gonar tasa ce ba, inda rashin tsaro ya hana shi kwana a ƙauye, ƙasa takan gaji ta mutu. Sharaɗin shi ne manomi ya san abin da ya raina shi zai ci.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana Nijar, a daidai hanyar da aka ce Sahara ta biyo. Dokar daji ta zamanin Faransa ta mai da itatuwa mallakar hukuma, har manomi kan biya tara in ya sare reshen itacen da ke tsakiyar gonarsa. Me zai sa ya bar toho ya girma ya jawo masa ma'aikacin daji? Sai ya ƙwaƙule shi tun yana ƙarami. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai aikin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kumbura-kumburan da ke gonaki kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani, ko da yake dattawa sun san shi tun da. Da hannun hukuma ya yi sanyi a kan itacen gona, aka kuma gyara dokoki daga baya, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona babu kwangila babu bikin ƙaddamarwa. Da Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, a daidai shekarun da jama'ar wurin suka ninka. Da yawansu gawo ne, itacen nan mai saɓa wa 'yan'uwansa, ya zubar da ganye da damina ya ba gero rana da taki, ya yi kore da rani ya ba dabba abinci. A ƙasar Tawa kuma an farfaɗo da fako da tassa, 'yan ramukan da ake haƙawa a zuba taki su tare ruwa, dabarar da aka koyo daga manoman Yatenga ta Burkina Faso irin su marigayi Yacouba Sawadogo.

Yanzu a auna wannan da ganuwar da Malam ke kira a ƙarfafa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin wannan ganuwa a 2007, da siffar ɗamarar itatuwa mai faɗin kilomita 15 daga Dakar zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000. Wani rahoto na 2020 ya nuna an cim ma kusan kashi 4 cikin 100 na hekta miliyan 100 da aka yi buri. Masu shirin da kansu sun bar zancen layi guda, sun koma ga gyaran ƙasa wuri-wuri, wato sun fi Malam saurin sauka daga kan ra'ayin Stebbing. Ba ina raina dashe ba ne. Layukan darbejiya da aka yi a kwarin Majiya sun kare gonaki daga iska, kowa ya shaida. Amma duk wanda ya taɓa wucewa ta filin da aka yi bikin dashe bayan wata shida ya san abin da yakan tarar: allon sanarwa, da baƙaƙen ledoji, da awaki.

Abin da ya fi damuna da tatsuniyar hamada mai ƙafa shi ne tana ɓoye masu laifin da ke da suna da adireshi. Dazuzzukan Bauci da Neja da Kwara ba rairayi ne ke cin su ba, manyan motocin gawayi ne, masu ciyar da murhun birane saboda kalanzir da gas sun fi ƙarfin talaka. Dausayin Haɗeja da Nguru ya ƙanƙance ne bayan an datse ruwa a Tiga a shekarun 1970 da Calawa a farkon 1990, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka shiga uku. Burtalai an nome su, makiyayar da aka keɓe an yanka ta filaye. Kwazazzabai na cin gonaki da unguwanni saboda an yi titi ba a yi wa ruwa hanya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai takardar da wani ya sa wa hannu. In aka ce Sahara ce, shi ke nan, an sallami kowa, sai a nemo kuɗin waje a sayo tsire.

Shawarar ƙara wa masu tsaron daji ƙarfin kama manoma kuwa, ina roƙon Malam ya janye ta. Ita ce ainihin dokar da ta share gonakin Maraɗi, sassauta ta ne ya dawo da gawo. In Malam yana da hali, ya shiga mota daga Daura ya tsallaka zuwa Matamaye da Magarya, tafiyar da ba ta kai yini ba. Ya je a watan Maris, lokacin da Stebbing zai ce an gama, ya tsaya a bakin hanya ya ƙirga itatuwan gona ɗaya, sannan ya tambayi mai gonar wa ya dasa su.